Wayar da Mama Ta Buga a Ɗaka

"Ranar Asabar za su zo."

Mama ta faɗi haka tana ninke tawul ɗin Baba, ko ɗago kai ba ta yi ba, kamar mai cewa sabulu ya ƙare.

Auta ta tsaya da cokali a hannu. Baba ya buɗe baki yana jiran abinci, cokalin ya maƙale a hanya.

"Su wa za su zo, Mama?"

"Kada ki raina min hankali. Iyayen Mai Kemis. Na ce su zo, kuma za su zo."

"Amma Mama, na faɗa miki..."

"Kin faɗa min, na ji, na ƙi. Ba wa ubanki abinci."

Auta ta kai cokalin bakin Baba, rabi ya zube a rigarsa. Ta goge da sauri. Idon Baba ya bi fuskarta, ya koma kan matarsa, ya dawo kan talabijin inda mawaƙa sanye da fararen riguna suke rera waƙar yabo. Da ma tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kalmomin da ke fita bakinsa a wuni ba su da yawa, su ma sai an kasa kunne.

Kafin ciwon, Baba ne shugaban mawaƙan cocinsu. Tun Auta ba ta iya tafiya ba yake tsayawa gaban mutane yana kaɗa hannu, muryoyi na bin hannun. Wata Lahadi a taron dattawa, wani dattijo ya miƙe ya ce Baba ya tsufa, waƙoƙinsa ma sun tsufa, a ba matasa wuri. Aka ɗaga hannu, aka rinjaye shi. Ya taho gida da littafin waƙarsa a hammata, bai kai ƙofa ba ya yanke jiki ya faɗi.

Wannan dattijon shi ne mahaifin Dogo. Kuma duk samarin da ke garin nan, zuciyar Auta ba ta ga wanda za ta maƙale wa ba sai Dogo.

"Mama, don Allah ki saurare ni," ta ce, hawaye ya riga ya cika mata ido. "Shi me ya yi? Lokacin da abin ya faru yana makaranta, ba ya ma garin."

"Jinin wa ke jikinsa?"

"Mama..."

"Na ce jinin wa ke jikinsa? Dubi ubanki. Dube shi da kyau! So kike in zauna kujera ɗaya da mutanen da suka mayar min da miji haka, in yi musu dariya, in kira su surukai? Sai dai bayan raina."

"Ko sau ɗaya ba ki bari ya yi magana ba. Ranar da ya zo, ya durƙusa, ko 'ina wuni' bai ƙarasa ba kika rufe ƙofa."

"Gobe ma ya zo haka zan yi. Mai Kemis me ya rasa? Ga sana'a, ga ladabi, ba ya fashin coci."

"Ba na sonsa."

"Za ki koya. Ni da aka kawo ni gidan nan kin san abin da na iya?"

Auta ta kwashi kwanuka ta shige kicin, don in ta ƙara minti ɗaya a falon kukan da take riƙewa zai ƙwace a gaban Baba, kuma Baba in ya ga tana kuka ranar ba ya cin abincin dare.

Ta jingina da bango. Ta zauna kan bokiti. Ta miƙe. Ta buɗe famfo ta rufe ba tare da ta wanke komai ba. Can ta zaro waya.

Bugu ɗaya Dogo ya ɗauka.

"Auta? Muna ɗan hutu ne, yanzu za mu koma shiri. Lafiya na ji numfashinki haka?"

"Asabar za su zo."

Tana jin hayaniyar ɗakin watsa shiri a bayansa, wani na gwada makirufo.

"Ki faɗa mata inda nake aiki," ya ce a hankali. "Wataƙila in ta san..."

"In ta san, yau ɗin nan za ta tumɓuke akwatin ta jefar. Kai ba ka san Mama ba. Shi ke nan Baba ya rasa cocinsa na biyu, kuma ta dalilin gidanku dai."

Abin da take ɓoyewa ke nan tun bara. Baba ba ya iya zuwa coci, don haka coci ne ke zuwa masa ta wani ɗan baƙin akwati da ke ƙarƙashin talabijin, wanda ke kamo tashar Kirista ta intanet: karatun Littafi Mai Tsarki da safe a rediyonsu, waƙoƙi da wa'azi da rana, shirin addu'a ranar Lahadi da yamma. Mama ta ɗauka Auta ce ta haɗa shi da wayonta. Gaskiyar ita ce Dogo ne ya saya, ya dinga gaya mata ta waya ta sa wannan a nan, ta danna wancan. Shi ma'aikacin tashar ne. Shi ke zama bayan gilashi da abin sauraro a kunne, yana ɗaga wayar masu neman addu'a kafin a saka su. Ba a nuna fuskarsa. Sai dai wani lokaci hannunsa kan shigo hoto ya gyara wa Fasto makirufo, da agogonsa mai shuɗin maɗauri. Don wannan hannun Auta ke zama ta kalli shirin tun daga farko har ƙarshe, Mama na yaba mata da son addu'a.

"To in zo in sake gwadawa," Dogo ya ce.

"A'a! Kada ka zo."

"To me kike so in yi, Auta? In zauna ina ɗaga wayar mutane ana yi musu addu'ar samun aure, nawa yana wucewa ta gabana?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kaina ya kulle."

"Za ki yarda?"

Ta toshe baki da mayafi.

"Auta, tambayarki nake. In sun zo, za ki fito?"

"In na ƙi, Mama za ta kwanta ciwo. In Mama ta kwanta, wa zai riƙe su biyu? Kai ba ka ganin yadda ta rame. Ni kuma in na yarda..." Muryarta ta karye. "In na yarda na mutu a tsaye."

"Kada ki ƙara faɗin haka."

Wani ya kira shi daga baya. Dogo ya ce, "An kunna fitila, dole in shiga. Ki riƙe wayarki kusa." Ya kashe.

Da ta dawo falo hoton ya tsaya cak, mawaƙan sun daskare da bakuna a buɗe, 'yar da'irar nan tana ta juyawa a tsakiya. Halin sabis ɗin unguwarsu ke nan, kamar jaki mai taurin kai, ya yi tafiya kaɗan ya tsaya. In ya dawo, akwatin kan ci gaba ne daga daidai inda ya tsaya. Akwai maɓallin da ake dannawa a tsallaka a kamo abin da ake yi kai tsaye, amma Baba ya hana. Duk ranar da Auta ta danna, sai ya bubbuga hannun kujera da hannunsa mai lafiya har ta mayar. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana hana mawaƙa tsallake baiti ba zai yarda a tsallake masa ko layi ɗaya ba. Saboda haka tsayawa kan tsayawa na taruwa, kafin yamma gidan nan ya kan zama can baya da sauran duniya.

Auta ta sha yi wa Mama bayanin wannan. Mama ta kan ce, "Ni dai ina ganin mutane suna motsi, ki bar ni da surutun injiniyoyi."

Hoton ya dawo. Aka gama waƙa, Fasto ya bayyana a teburinsa, lambar waya ta fito a ƙasan allo. Kan Baba ya fara langaɓewa, barcin bayan abinci ya ɗauke shi.

Mama ta dubi lambar. Ta dubi mijinta. Ta dubi 'yarta. Ta ɗauki rimot ta kashe murya gaba ɗaya.

"Kada a tashe shi. Ke, maganin dare ya ƙare. Je ki karɓo."

"Akwai sauran rabin kati, Mama."

"Na ce ya ƙare. Kuma ban aike ki da gudu ba. In ya ce ki zauna, ki zauna ku gaisa kamar mutane."

Auta ta ja mayafi ta fita.

Shagon yana bakin titi, bai fi a ƙwala kira a ji ba. Mai Kemis na hango ta ya fito daga bayan kanta yana gyara farar rigarsa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Matsalarsa ɗaya: tun da ya fara magana a duniya bai taɓa lura ko ana saurarensa ba.

"Ƙanwata! A'a, na ce ƙanwata, ai daga Asabar sai a nemo wani sunan." Ya yi dariya shi kaɗai. "Zauna, zauna. Kin ga sabon firij? Don allura na sayo shi. Wannan kantar ma zan matsar, in sa miki kujera a nan, ki dinga karɓar kuɗi."

"Maganin Baba na zo karɓa."

"Yana nan, ai ni da Baba ba a tuna min. Kin ga idonki ya yi ja. Rashin barci ne, akwai wata ƙwaya..."

"Ba na sonka," ta ce.

Ita kanta ba ta san maganar za ta fito ba. Ya tsaya da leda a hannu, ya ɗan karkata kai, sannan murmushinsa ya dawo daram.

"Kunya ce. Haka yayata ta ce wa mijinta, yanzu 'ya'yansu biyar."

"Ba kunya ba ce. Akwai wanda nake so, kuma ka sani."

"Wancan dogon? Haba ƙanwata. Mama ta ce ko ƙofa ba ya wucewa. Ni kuwa Mama da bakinta ta ce ba ta da ɗa kamata." Ya buga ƙirji. "Da bakinta."

Ya riƙe ta da labarin firij, da labarin filin da zai saya, da labarin wani mai ciwon ciki da ya warkar. Tana zaune a bakin benci, ta miƙe ya ce ta zauna, ta duba waya ba saƙo, ta sake dubawa. Daga ƙarshe ya ja ƙofar shago ya ce zai raka ta, ya gwada jinin Baba da kansa.

Suna shiga ta ga Mama ta canza. Tana zaune a gefen kujera hannuwa a cinya, idonta ya kumbura kamar ta sha kuka, amma fuskarta a sake, irin sakin da Auta ta daɗe ba ta gani ba.

"Sannu da zuwa, ɗana. Zauna." Ta juya ga Auta. "Ke kuma ki daina kumbure-kumbure. Na kai maganarki inda ta fi ƙarfin ni da ke."

"Ina, Mama?"

"Na buga wa masu addu'a." Ta nuna talabijin da haɓa. "Na shiga ɗaka na rufe ƙofa na buga. Ban faɗi suna ba, ban faɗi unguwa ba. Na ce a roƙa min Ubangiji ya cire wani yaro daga zuciyar 'yata. An yi, an gama, ya wuce."

Ledar magani ta suɓuce daga hannun Auta.

"Wa... wa ya ɗauki wayar?"

"Wani yaro ne, mai ɗaga musu waya. Kai, Allah ya yi wa uwarsa albarka." Mama ta girgiza kai. "Na zayyana masa komai. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can ya ce, 'Mama, kin tabbata kina so a saka ki? Jama'a da yawa za su ji.' Na ce saka ni. Ya ce akwai mutane a gabana, kafin layi ya zo kaina bari mu yi addu'a ni da shi. Kin san abin da ya ce? Ya ce, 'Ya Ubangiji, in yaron nan ba alheri ba ne ga gidan nan, ka cire shi, ko da zai yi masa ciwo.' Muryarsa har rawa take, kamar shi abin ya dama. Irin wannan yaron ake so a gida, ba 'ya'yan masu tsige mutane ba."

"Amin, amin," Mai Kemis ya ce yana kwance abin gwajin jini.

Auta ta dafa bango. Ta hango shi a bayan gilashin nan, abin sauraro a kunne, yana roƙon Allah a kan kansa, yana da ikon katse layin da yatsa ɗaya amma bai katse ba. Son da take masa ya taso mata har wuya, tare da tausayi, tare da tsoro.

Sai idonta ya faɗa kan allo.

Fasto na magana ba murya. A ƙasa, ɗan jan layin da ke nuna inda suke ya tsaya can nesa da ƙarshe. Tun safe sabis ke yankewa. Abin da Mama ke cewa ya wuce, a gidan nan ko isowa bai yi ba.

"A'a, wa ya kashe wa addu'a murya?" Mai Kemis ya ce. "Ranar Lahadi guda? Ga Baba ma ya farka." Ya ɗauki rimot ya ƙara murya sosai, sannan cikin ladabi ya sa shi a tafin hannun Baba na hagu. "Riƙe kayanka, Baba."

"Mu kashe haka nan," Auta ta ce da sauri. "Baba, kawo in..."

Yatsun Baba suka dunƙule a kan rimot. Ya harare ta.

Wata mata ta gama neman addu'a don ɗanta mai jarrabawa. Fasto ya ce amin, ya ɗan taɓa kunnensa.

"Muna da wata uwa a layi. Mama, muna jin ki."

"Fasto, ina wuni."

Muryar ta cika falon. Mama ta zabura ta miƙe tsaye, ta dubi talabijin, ta dubi ƙofar ɗakinta, ta dubi wayar da ke hannunta a kashe.

"Wannan... ai na gama! Auta, me ke nan? Maimaitawa suke?"

"A baya muke, Mama," Auta ta ce, murya can ƙasa. "Kullum ina faɗa miki."

"Kashe! Maigida, ba ni abin nan!"

Baba ya janye hannunsa ya cusa rimot ɗin ƙarƙashin cinyarsa. Bai ko kalle ta ba.

Muryar Mama ta cikin talabijin ta ci gaba, ta faɗi buƙatarta tiryan-tiryan. Mai Kemis na gyaɗa kai yana murmushi. Fasto ya saurara har ta kai aya, sannan ya haɗa yatsunsa.

"Mama, kafin mu yi addu'a, yaron nan me ya yi miki?"

Ana jin ƙarar fankar ɗakin Mama ta cikin wayar.

"Bai yi min komai ba. Ko muryarsa ban sani ba. Ubansa ne ya..."

"Na ji ta uban. Ita kaɗai ce matsalar?"

Sai aka ji numfashi ya sarƙe, kuka ya ɓalle.

"Fasto, na gaji. Wallahi na gaji. Mijina ba ya iya juyawa da kansa. Ni da yarinyar nan muke kama shi, ita kafaɗa ni ƙafa, safe da rana da dare. Bayana ya ƙare, ban taɓa faɗa wa kowa ba. In ta auri wancan, can ƙetaren gari zai kai ta. Wa zai kama min? Shi kuwa mai shagon magani nan bakin titi yake, in na ƙwala kira za ta ji. Na san ba ta sonsa. Ni kaina in ya fara surutu kaina sarawa yake. Amma kusa yake, Fasto. Kusa yake. Ina tsoron ranar da zan ɗaga mijina ni kaɗai in kasa, ya faɗi a hannuna."

Mai Kemis ya dubi abin gwajin jinin da ke hannunsa kamar bai san wanda ya ba shi ba. Ya naɗe shi a hankali. Karo na farko tun da Auta ta san shi, ya buɗe baki bai sami abin faɗi ba.

Mama ta zame ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mijinta, ta rufe fuska da zani.

"Maigida, ba haka nake nufi ba. Ba ka dame ni ba. Wallahi ba ka dame ni ba."

Hawaye na gangarowa ta gefen fuskar Baba mai lafiya. Ya zaro hannunsa, ya ɗora a kan ɗankwalinta, ya bar shi a nan.

Auta ta durƙusa kusa da su tana kuka. "Mama, me ya sa ba ki faɗa min ba? Da kin faɗa min! Kin ɗauka zan tafi in bar ki da shi? Ni?"

"Aure ba ya tambayar abin da kika yi niyya," Mama ta ce cikin zani. "Yayarki ma haka ta ce."

A allo Fasto ya gama addu'a. Bai roƙi a cire kowa daga zuciyar kowa ba, ya roƙa wa uwar ƙarfi da mataimaki. Ya ɗago zai karɓi kira na gaba, sai ya tsaya yana kallon gefe.

"Ɗana, lafiya? Ina za ka, ga layi cike?"

Wani dogon saurayi ya shigo hoto, abin sauraro a hannu, shuɗin maɗaurin agogo a wuyan hannunsa. Ya rusuna gefen teburin. Idonsa jawur.

"Baba Fasto, ka gafarce ni. Wani ya riƙe min wayar. Ni ne yaron da ta ce."

"Kai?"

"Ni ne. Na roƙi Allah ya cire ni in ba alheri ba ne, kuma da gaske na roƙa. Amma ta ce ba mai kama mata Baba. Ko ba ta ba ni 'yarta ba, wannan kam zan iya. Zan je in kama mata."

Mama ta sauke zanin daga fuskarta a hankali. Ta ƙura wa allon ido. Ta san fuskar, ita ta rufe wa ƙofa. Ta san muryar, ita ta ce wa amin ɗazu a ɗaka.

"Shi ne?" ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Auta, shi ne ya ɗauki wayata?"

"Shi ne, Mama. Akwatin ma shi ya saya wa Baba."

A allo, Dogo ya ajiye abin sauraron a kan tebur, ya juya ya nufi ƙofar ɗakin watsa shiri. In a talabijin yanzu yake fita, to a duniya ya daɗe da hawa babur.

Ƙarar inji ta tsaya a ƙofar gida.

Aka ƙwanƙwasa, a hankali, sau biyu.

"Gafara dai, masu gida."

Mai Kemis ya miƙe ya rungume jakarsa yana neman inda zai sa kansa. Auta ta yunƙura za ta tashi, Mama ta damƙe mata hannu.

"Zauna."

"Mama, don girman Allah..."

"Na ce zauna."

Mama ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, yanzu da kowa ya san bayan na ciwo ba ta ga amfanin ɓoyewa ba. Ta dubi mijinta. Mutumin da uban yaron nan ya tsige. Leɓen Baba ya yi ta motsi, yana kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Bu... buɗe."

Ta taka zuwa ƙofa. Ta sa hannu a kan sakata ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Sannan ta zare.

Yana durƙushe a daidai inda ya durƙusa wancan karon, hular babur a ƙasa kusa da gwiwarsa, kansa a sunkuye.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta cika ta, ba ta matsa ba, ba ta kuma rufe ba. Ta share ido da bakin zani, ta ɗaure fuska iyakar iyawarta.

"Ran nan ka fara gaishe ni ban bari ka gama ba," ta ce, muryarta na rawa. "To, ina jin ka. Ƙarasa."